Na ɗaga Debian zuwa 12 sai /bin ya koma kibiya, lafiya kuwa?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masana Linux ku taimaka min. Akwai tsohuwar kwamfuta da muke ajiye fayilolin shago a kanta, Debian 11 ce, jiya na ɗaga ta zuwa 12 da apt full-upgrade komai ya tafi lafiya ta tashi, amma da na buga ls -ld /bin sai na ga ya nuna min /bin -> usr/bin, wato ba folda ba ce yanzu, kibiya ce mai nuna hanya zuwa usr/bin, haka ma /sbin da /lib duk sun koma kibiya. Kuma na buga dpkg -S /usr/bin/ls don in ga wane fakitin manhaja ne ya kawo fayil ɗin, ya ce wai bai san wannan fayil ɗin ba alhali ga shi nan ina amfani da shi. Wani abu ne ya lalace? In goge kibiyar in mayar da folda yadda take da?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka taɓa ta wallahi, in ka goge wannan kibiyar ko tashi kwamfutar ba za ta sake yi ba. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi, wani fakiti ne mai suna usrmerge ya kwashe duk abin da ke /bin da /sbin da /lib ya zuba cikin /usr ya bar maka hanya kawai a tsohon wurin saboda duk sikirif ɗin da ya fara da #!/bin/sh ya ci gaba da aiki. Daga Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 abin ya zama dole, kuma su ma ƴan Debian baya suka zo, a sauran nau'ikan Linux Fedora ta yi tun 2012, Arch a 2013.

Asalin raba /bin da /usr/bin ma ai ba wata hikima ba ce, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie suke haɗa tsarin Unix, wanda Linux ya kwaikwaya, a kan kwamfutar PDP-11 farkon shekarun 1970 faifan farko ne ya cika musu sai suka tsallaka da sauran manhajoji zuwa faifai na biyu inda /usr yake, shi kenan aka yi ta gadon abin. Yanzu kuwa initramfs, ƙaramin tsarin wucin gadi da ke fara lodawa lokacin kunna kwamfuta, shi ne ke ɗaura /usr tun kafin tsarin ya gama tashi, to rabon me zai amfana?

Maman_Ilham:
Batun dpkg ɗin nan gwada dpkg -S /bin/ls za ka ga ya ce coreutils. A rajistarsa har yanzu tsohon adireshin ke rubuce, shi ya sa. A Debian 13 an mayar da fayilolin cikin /usr tun daga fakitin kansu.

Dan_Damagaram:
Ni abin da nake so ka kiyaye daban ne Abu Hanan, tunda ka ce kwamfutar shago ce nasan kana da ajiya ta tar, manhajar ƙunshe fayiloli wuri guda, da ka yi tun tana 11. Ranar da za ka kwance ta kar ka kwance a kan / kai tsaye, domin in akwai folda bin a ciki tar zai iya cire kibiyar ya dasa folda ta gaske a wurin, daga nan sai ka ga abubuwa sun fara cewa ba a same su ba, kuma gyaran sai da filashi. Ka kwance a wani wuri kamar /tmp/ajiya ka zaɓi abin da kake so, ko ka ƙara --keep-directory-symlink, in da manhajar kwafe fayiloli rsync ne kuma -K. Sannan duk wani sikirif naka na kanka da ka taɓa jefawa a /bin yanzu yana /usr/bin cakuɗe da kayan apt, ka kwashe shi ka kai /usr/local/bin, can ne apt ba ya taɓawa.

Abu_Hanan:
Allah ya saka da alheri, na gwada /bin/ls ya nuna coreutils kamar yadda Hajiya ta ce. Akwai sikirif guda na kwafe fayiloli da daddare zan mayar da shi /usr/local/bin, amma a crontab ɗina, jadawalin da ke kunna shi da kansa, da cikakken adireshi na rubuta shi, sai na gyara can ma ko?

Dan_Damagaram:
Eh gyara shi, crontab -e ka canza layin ka sa sabon adireshin cikakke.