Bikin sauke tuta na sojan ruwa: yaya tsarinsa yake, me baƙo zai yi?

Ummu Sadik:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san harkar sojan ruwa. A Makon Sojan Ruwa akan gayyaci 'yan mazan jiya da iyalansu zuwa bikin sauke tuta da faɗuwar rana, wanda a kati ake rubuta Ceremonial Sunset. Yaya ake yin sa? Me farar hula zai yi idan sojoji suka ƙame? Shi ne dai bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu ko daban yake? Sannan idan ƙungiyar tsofaffin sojoji na son sanya furanni a ruwa don waɗanda suka rasu, akwai ƙa'ida?

Baba Mai Anga:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Daban suke. Na 15 ga Janairu na dukkan rundunoni ne, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, kuma a Abuja shugaban ƙasa ke jagorantar ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. Makon Sojan Ruwa kuwa na murnar kafa rundunar ne a ranar 1 ga Yuni 1956, shi ya sa yake faɗowa ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, da sallar Juma'a da addu'ar coci a cikinsa. Al'adun daga sojan ruwan Ingila aka gaje su, kusan ba a canja komai ba.

Abu na farko da za ki riƙe: rana ake bi, ba babban baƙo ba. Ana duba jadawalin faɗuwar rana na garin, a cire mintin daidai, sai a lissafa komai da baya daga nan. A Legas farkon Yuni wajen ƙarfe 7 na yamma ne. Idan faretin da kiɗan badujala za su ci minti 40, to ƙarfe 6 da kwata kowa ya riga ya zauna. Babban baƙo ya makara, jawabi ake yankewa, ko a rage zagayen fareti. Ba a taɓa lokacin tuta.

Saura minti 5 a ɗaga ƙaramar tutar shiri, don duk jiragen da ke tashar su sauke nasu tare. Lokaci na cika sai a yi busar ƙamewa, mai bigila ya soma, masu igiya biyu su fara sauke tutar sannu a hankali. Gwanintar a nan ita ce tutar ta iso hannu daidai da sautin ƙarshe. Idan ta riga kiɗan, mutum ya tsaya riƙe da ƙyalle yana jira, abin kunya ne. Idan kiɗa ya ƙare tana sama, ya fi muni. Kuma ko gefenta ba ya taɓa ƙasa.

Ke da sauran farar hula, miƙewa kawai za ku yi, a fuskanci tuta, hannu a gefe, a yi shiru har a busa na sallama. Sarawa ta masu kaki ce. Za ki lura sojan ruwa na sarawa tafin hannu na kallon ƙasa, ba kamar sojan ƙasa da ke buɗe tafi waje ba.

Ɗan Igwa:
Baba ya gama magana. Ƙarin da zan yi kan harbin igwa ne, don mutane na zaton ana harbawa lokacin da tuta ke sauka. A ƙa'idar ruwa ba a harbin girmamawa bayan faɗuwar rana, don haka idan akwai shi, lokacin isowar baƙo ne. Adadin kullum mara ne: 21 ga shugaban ƙasa, 17 ga cikakken Admiral, 15 ga Bayis Admiral, 13 ga Riya Admiral. Tsakanin harbi da harbi daƙiƙa 5, wato 21 ba ya kai minti 2. Na jana'iza ne ake ba da tazarar minti guda.

Albarushi ne zalla ba harsashi, amma kada wanda ya gitta gaban bakin igwar, wutar da ke fita tana ƙona mutum. Da igwa biyu ake yi, wannan ta harba waccan ta harba. Dalili, wani lokaci albarushi yakan ƙi tashi. In ɗaya ta ƙi, ɗayar ta cike gurbin nan take, wadda ta ƙi kuma ba a buɗe ta sai an jira, don takan tashi a makare. Mutum guda aikinsa ƙirga kawai. A harba wa shugaban ƙasa 20, wannan sai an yi bayani a rubuce.

Masu jarirai da tsofaffi masu hawan jini su nemi kujera nesa da wurin.

Kyaftin Mai Ritaya:
Hajiya, kan furanni. Jirgi ko kwalekwale zai rage gudu, a kashe farfela kafin a saka komai, in ba haka ba ruwan baya zai ja furen ƙarƙashi ya yayyaga shi a gaban iyalan mamatan. Matuƙi ya juya jirgin yadda iska da igiyar ruwa za su tafi da furen nesa, ba su manna shi a jikin jirgi ba. Sauke shi ake yi da hannu biyu ko da siririyar igiya, ba wurgi ba, don wanda aka wurga yawanci kifewa yake. A ɗaure shi da zaren auduga ko kaba, ban da waya da roba da soso, saboda tarun masunta. A kogi kamar Kwara a Lakwaja ruwa na gudu, cikin ɗan lokaci furen ya ɓace wa ido, don haka a gama addu'a da karanta sunaye tukuna.

Tuta a rabin sanda ma ana yawan kuskure. Sai an kai ta ƙololuwa sannan a sassauto da ita, kuma wajen saukewa a sake kai ta sama kafin a sauke. Ƙararrawar jirgi kuma bugu 8 ake yi, bibbiyu sau huɗu. A jirgi kowane rabin awa ake ƙara bugu ɗaya, na 8 shi ne cikar awa 4 na gadi, don haka buga wa mamaci 8 na nufin ya sauka daga aiki. Wanda ya buga su a jere ba tsayawa, tsofaffin ma'aikatan jirgi za su gane bai san aikin ba.

Ɗan Igwa, ka bar Kwamado, shi 11 ne.

Ɗan Igwa:
Haka ne, Yallaɓai, 11.

Malam Na Baga:
Abu biyu masu shirya biki ke mantawa. Igiyar tuta idan ta jiƙe takan kumbura ta maƙale a 'yar tayar da ke saman sanda. A gwada ta da safe, a sake gwadawa awa guda kafin biki, a kuma duba ba ta murɗe ba. Na biyu, mintin da tuta ke sauka shi ne shigar Magariba. A tanadi tabarmi da ruwan alwala kusa da filin, a bar tazarar minti 15 kafin liyafa, in ba haka ba rabin baƙi za su watse neman masallaci, kuma duhu a nan ba ya jira.

Tsofaffin da suka haura 70 kada a sa su cikin sahun tsayuwa a rana. Ko matasan da ke faɗuwa a fareti, yawanci ƙin karyawa ne da sandare gwiwa, jini ya taru a ƙafa. A ba dattawa kujerun gaba, su miƙe lokacin tuta kaɗai, wanda ba ya iyawa ya zauna a miƙe abinsa, ba laifi ba ne.

Ummu Sadik:
Allah ya saka da alheri. To tufafi fa, akwai kalar da aka hana?

Baba Mai Anga:
Abin da kati ya ce shi za ki bi, Hajiya, yawanci kayan gida na mutunci. Sai dai in za a hau jirgi, takalmi mai tsini ba naki ba ne, matakalar ƙarfe ce mai santsi, kuma a kama mayafi da fil saboda iskar teku.