Taƙaitawa: haɗa mutum-mutumi mai kwaikwayon motsinka

Jama'a ga abin da na tsinta daga doguwar hirar da aka yi kan yadda za ka haɗa mutum-mutumi mai kwaikwayon motsinka.

1. Kusan kowa ya ce a fara da hannu ɗaya, ƴan servo (ƙananan injina masu motsa gaɓoɓi) da Arduino (ƙaramin allon lantarki mai ba su umarni) sun isa.
2. Jinkiri ne babban ciwon kai, ka ɗaga hannu sai can shi ma ya ɗaga, in kofin shayi yake riƙe da shi ai ya zube kenan. An kawo misalin T-HR3, mutum-mutumin kamfanin Toyota, wanda a 2018 aka sarrafa shi daga nisan wajen kilomita 10 ta 5G.
3. Maɓallin kashewa dole ne, kusa da hannunka.

Kan ƙafafu aka rabu, wasu sun ce a sa taya kawai, wasu suka dage sai ƙafa. Ni dai ina bayan masu taya, faɗuwa ɗaya sai ta lalata servo.