Farfaɗiya ta tsaya, amma tunanin kashe kai ya taso: yaya za mu sauya mata magani?

Assalamu alaikum likitoci da masu harhaɗa magani. Ina neman shawararku cikin gaggawa kan wata budurwa mai shekara 23 a Daura. Tana shan maganin farfaɗiya levetiracetam 500mg safe da yamma, faɗuwa ta tsaya cak. Amma cikin wata guda ta koma yawan fushi, ba ta barci, har ta gaya wa yayarta cewa ta gaji da rayuwa.

Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa magungunan farfaɗiya na iya ƙara wannan tunani, kuma levetiracetam sananne ne wajen dagula yanayin rai. Yanke shi lokaci guda ba mafita ba ne, don faɗuwa na iya dawowa a jere ba ƙaƙƙautawa.

Cikin sauran magungunan farfaɗiya da za a iya sauya mata, valproate ba na so, aure ya kusa, kuma yana illa ga ɗan tayi. Phenobarbital shi ma yana ƙara baƙin ciki. Hankalina ya fi kwanciya da lamotrigine, sai dai dole a fara da 25mg kullum na mako biyu saboda ƙurajen fata masu haɗari, kafin a kai adadin da ke aiki kuwa sai an ɗauki makonni.

A wannan tsakani, a rage levetiracetam tun yanzu ko a jira? Mahaifiyarta ce ke riƙe da maganin, na mako ɗaya kawai ake ba su, ba a barinta ita kaɗai, kuma an tura ta ga likitan ƙwaƙwalwa a Katsina. Me ya kamata a ƙara kafin ranar ganinsa?