Jaririya na gumi da kuka in tana shan nono, an ce a duba ALCAPA

Salamu alaikum 'yan uwa. 'Yar ƙanwata mai sati 10 tana tsandara kuka in ta kama nono, gumi ya jiƙa mata goshi, numfashi ya yi sauri. Hoton ƙirji ya nuna zuciyarta ta yi girma, likita ya rubuta a duba ALCAPA. Mene ne wannan, me za mu yi?

Wata likitar yara: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Jijiyoyi biyu ke ciyar da tsokar zuciya, kuma daga babbar jijiyar awota ya kamata su fito. A wannan larura ta ALCAPA, jijiyar hagun daga jijiyar huhu take fitowa, ana samun ta a kusan haihuwa 1 cikin 300,000. Makonnin farko jariri lafiya lau, saboda matsin jini a jijiyar huhu yana sama, yana tura jini gaba. Wajen sati 6 zuwa 8 sai ya sauka, jinin ya juya baya yana zuba cikin jijiyar huhu, ɓangaren hagu na zuciya ya rasa iskar oksijin. Shan nono aiki ne ga jariri, shi ya sa ciwon ƙirjin ke tasowa lokacin. Sau da yawa murɗar ciki ake zato, a yi ta ba da jiƙo. Don Allah kada a ba ta.

Wani mai ɗaukar hoton zuciya: A yi ECG (gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda), a duba ko layin da ake kira Q ya yi zurfi a sassan zanen masu suna I da aVL. Sannan eko (sikanin zuciya) wurin likitan zuciyar yara. Nan ake yin kuskure: a hoto baƙi da fari jijiyar kan yi kamar daga awota ta fito. Dole a kunna kala a ga ina jinin ya nufa, a duba ko jijiyar dama ta kumbura. In da shakka, a yi hoton CT.

Wani likitan tiyata: Hajiya, in ya tabbata kada a ɓata lokaci. Maganin Lasix na rage ruwa a huhu kawai. Ba tare da tiyata ba, kusan 9 cikin 10 ba sa cika shekara. A tiyatar, ana cire bakin jijiyar a dasa shi jikin awota, kuma zuciyar jarirai takan farfaɗo cikin watanni. Kafin nan a shayar da ita kaɗan-kaɗan akai-akai. Ta ƙi nono ko ta yi fari fat, a wuce asibiti nan take.