Zan fara koya wa yaran gidan kulawa zane, ina neman shawara

Ƙanwar Zaure: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani gida da ake kula da yaran da aka ci zarafinsu, 'yan shekara 7 zuwa 14. Suna neman wanda zai riƙa koya musu zane kyauta sau ɗaya a mako, ni kuma na amsa. Yanzu sai gabana ke faɗuwa. Wane kaya zan tanada, da wane darasi zan fara?

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada. Fensirin kala da takarda mai kauri sun ishe ki watan farko.

Maman Biyu: Ki haɗa da kwali da gam, yara na son yanke-yanke da liƙe-liƙe.

Anti Mai Haƙuri: Ƙanwata, ajiye maganar kaya tukuna, ki ji tawa. Na taɓa yin irin aikin nan. Ranar farko, da zumuɗina, na ce kowa ya zana iyalinsa. Darasin da ake yi a kowane aji ne, ban kawo komai a raina ba. Wani yaro ya kekketa takardarsa ya shige ƙarƙashin tebur, har aka tashi bai fito ba. Na manta wasunsu daga hannun iyalin aka ƙwato su.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mako na uku wata yarinya ta ja ni gefe ta ce, "Anti, zan gaya miki wata magana, amma ki rantse ba wanda zai ji." Na rantse mata. Abin da ta faɗa kuwa ba ya ɓoyuwa, don akwai ƙanwarta da ke zaune a gidan da abin ya faru. Garin ruɗewa na hau ta da tambaya: wane ne, ko wane ne, ya yi miki kaza? Da na kai wa jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinta, ta zaunar da ni ta wanke ni tas. Ta ce tambayar da ke sa wa yaro amsa a baki tana iya raunana shaidarsa idan an je kotu, lauya zai ce koya masa aka yi. Yarinyar kuma ba ta sake haɗa ido da ni ba har na bar wurin, a ganinta na ci amana. Kuma na ci, tunda na yi alkawarin da ba ni da ikon cikawa.

Don haka kafin ki taka ajin, ki tambayi wane ne ake kai wa rahoto idan yaro ya yi magana. In yaro ya buɗe baki, ki saurara, ki ce masa ya kyauta da ya faɗa, ki gaya masa tun farko za ki sanar da mutum ɗaya wanda aikinsa ne kare shi. Ki rubuta kalmominsa yadda ya faɗe su, da rana da lokaci, ki miƙa a ranar. Bincike ba naki ba ne.

Maman Biyu: Innalillahi. Anti, jikina ya yi sanyi.

Ɗan Auta: Ni dai kada a gayyace ni. A firamare na zana kyanwa, malam ya ba ni maki a kan akuya.

Malam Mai Alli: Auta, ana maganar kirki.

Ɗan Auta: Tuba nake, Malam. Amma ya yi adalci, ta fi kama da akuyar.

Ɗalibar Halayya: Ƙari a kan na Anti. Koyar da zane daban, magani ta hanyar zane daban. Na biyun sana'a ce da ake karatu mai zurfi a kanta. Wani mai zane ɗan Ingila, Adrian Hill, shi ya raɗa mata suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka yana zane a gadon asibiti. Edith Kramer ta yi shekaru tana wannan aiki da yara maza masu matsalar ɗabi'a a makarantar kwana ta Wiltwyck a jihar New York a shekarun 1950, kuma ita a ganinta yin zanen kansa shi ne maganin. Malamarta Friedl Dicker-Brandeis ta koya wa yara zane a sansanin Terezin, inda 'yan Nazi suka tsare Yahudawa lokacin yaƙin duniya na biyu, aka kashe ta a sansanin Auschwitz a 1944, amma zanen yaran sama da 4,000 suna nan a Prague. Ke malamar zane ce, ki tsaya a nan. Yaro ya cika takarda da baƙi, kada ki ce kin gano baƙin ciki, wataƙila fensirin da ya fi kusa da hannunsa ke nan. "Ba ni labarin wannan" ya isa, in ya ƙi ki ƙyale shi.

Malam Mai Alli: Shi ya sa na ce fensir. Fentin ruwa da yumɓu suna kuɓuce wa hannu, yaron da ransa ke a dagule sai ya ƙara birkicewa. A bari sai an saba.

Baba Mai Ritaya: Ni ban goyi bayan abin ba gaba ɗaya. Ku 'yan sa kai kuna zuwa da ɗoki, wata biyu ku ɓace. Yaron da aka riga aka yasar ya sake ganin wani babba ya tafi. Tun 1951 likitan ƙwaƙwalwa John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan illar rashin tsayayyen mai reno. A Disamban 2019 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi ƙasashe su magance cutarwar da aikin sa kai a gidajen marayu ke jawowa.

Maman Biyu: Haba Baba, wannan ai 'yan yawon buɗe ido ake nufi, masu zuwa mako guda su ɗau hoto. Ita gidan ne ya neme ta. Kuma sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ba su haƙƙin wasa da fasaha. A bar su suna kallon bango?

Baba Mai Ritaya: 'Yata, hoton da kika ambata, ba a zauren nan aka watsa na ziyarar bara ba, fuskokin yara a fili?

Maman Biyu: Ba ni na sa ba, kuma an goge.

Baba Mai Ritaya: Bayan kwana nawa?

Mai Kula da Zaure: Don Allah a bar tone-tone. An riga an kashe wannan maganar.

Anti Mai Haƙuri: Amma hoton gaskiya ne. Ko zanen ma kada ki sa a Facebook ba izini, yara suna rubuta sunansu a jiki, wani kuma ɓoye shi aka yi daga wanda ke nemansa. Kada ki keɓe da yaro, ma'aikacin gidan ya zauna a ajin. Kada ki tsaya a bayan yaro ko ki kama hannunsa don gyara layi sai kin nemi izini. In gidan bai nemi takardar shaidar ba ki da tarihin laifi ba, ni sai na yi shakkar gidan.

Ƙanwar Zaure: Na gode ƙwarai. Baba, wata shida nake da shi kafin in koma karatu. In fasa ke nan?

Baba Mai Ritaya: Shida ya fi biyu. Ki gaya musu ranar tafiyarki tun ranar farko, kuma ko ana ruwan ƙanƙara kada ki tsallake mako.

Ɗalibar Halayya: Ku zana kalanda tare, kowane mako a shafe gida ɗaya. Ga darasin farko ma kin samu.

Ƙanwar Zaure: To almakashin fa? Maman Biyu ta ce yanke-yanke.

Anti Mai Haƙuri: Mai dakusasshen baki, ki ƙirga kafin ki raba, ki ƙirga kafin kowa ya fita. Amma ki fara tambayar gidan, wasu sun hana sam.

Ɗan Auta: Yaya, in kin rasa abin da za su zana, ina da hoton akuyar nan har yanzu.