Hokin ƙanƙara na jami'o'in Amurka: ƙananan rukunai da kujera ɗaya tilo

Baban Ummi, Rochester: Salamu alaikum. Ƙungiya 16 ke shiga gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka. Shida zakarun rukunansu ne, sauran 10 lissafi ke zaɓo su. Mu 'yan ƙaramin rukunin Atlantic Hockey (yanzu Atlantic Hockey America) kusan kullum kujera ɗaya muke samu. Ko ka cinye wasannin damina da rani, in ka yi tuntuɓe dare ɗaya a gasar rukuni, sai baɗi. Na bi RIT, jami'ar garinmu, har Ditroit a 2010, Wisconsin ta yi mana 8-1, amma mun dawo muna waƙa a bas, don zuwa huɗun ƙarshe kaɗai ya ishe mu. Wa ya ga irin wannan?

Hajiya Binta, Fargo: Yaya, ni ina cikin filin a 2019 da AIC, zakarar Atlantic Hockey, ta doke St. Cloud State 2-1, alhali St. Cloud ce ta ɗaya a ƙasa. Dattijon da ke gefena ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ƙara cewa uffan ba. Ni ko dokokin wasan ban gama sani ba lokacin, sanyi kawai nake sha.

Ɗan Zinder, Fairbanks: Ku gode wa Allah kuna da rukuni. Alaska ba ta da shi a 2023, don haka babu tikitin zakara. Ta ƙare ta 15 a PairWise, lissafin da ke jera ƙungiyoyi a lokacin. Muna falo mu biyar, shayi na tafasa, muna kallon Colgate da Harvard a wasan ƙarshe na rukuninsu a Lake Placid. Colgate ta ci 3-2 ta ɗauke kujerar zakara, Canisius zakarar Atlantic Hockey ta ɗauke ɗaya, duk suna ƙasa da mu a lissafi, muka faɗo waje. Wasan da ba mu buga ba shi ya kore mu.

Malam Sani, Buffalo: Ɗan'uwa, abin da ciwo, amma lissafin ba ya duba suna. Matsalar jadawali ce. Manya ba sa son zuwa ƙaramin fili, sai ƙanana su yi ta yawon baƙunta, ƙarfin abokan karawarka kuma shi ke ɗaga ka ko ya nutsar da kai. A 2013 Niagara ta shiga ta lissafi, Canisius ta ci kofin rukuni, mu 'yan Atlantic Hockey muka samu kujera biyu. Unguwarmu ta rabu gida biyu a wancan makon.

Baban Ummi, Rochester: Malam, sau ɗaya ka ƙirgo fa.