Neman shawara: ruwan ɓawon mangwarona yana rasa ƙarfi kafin wata guda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sashen kimiyyar abinci, aikin kammala karatuna a kan ɓawon mangwaro ne. Akwai mai yankakken mangwaro a bakin layinmu, kullum da magariba sai ya juye bokiti biyu na ɓawo a kwata. Abin yana cin raina, don ɓawon ya fi tsokar yawan sinadaran da ke hana iskar oksijin lalata abu, waɗanda ake kira antiyoksidan, irin su mangiferin da kwasetin.

Na karɓo ɓawon na shanya a kan kwanon ɗaki kwana 3, na niƙa, na jiƙa a itanol, wato alkohol na ɗakin gwaji, na tace. Ranar farko da na yi gwajin DPPH, wanda ke auna ƙarfin antiyoksidan ta hanyar sauyin launi, ina ɗiga ruwan, launin shunayyar sinadarin gwajin ya koma rawaya nan take. Bayan mako 3 kwalbar ta zama kamar shayin da ya kwana, gwajin ma da ƙyar yake sauya launi. Malamina ya ce in lulluɓe sinadarin cikin ƙananan ƙwayoyi don ya daɗe, amma injin feshi da busarwa na sashenmu ya jima a lalace. Saura min mako 7. Don Allah ina mafita?

Wata malamar kimiyyar abinci: Wa alaikumus salam 'yata. Kafin mu je kan lulluɓi, ki koma kan kwanon nan, can ɓarnar ta faro. Daga lokacin da wuƙa ta taɓa ɓawo, wani sinadari da ke cikinsa yake fara haɗa antiyoksidan ɗin da iska, shi ya sa yankakken abu ke yin baƙi. Kin ƙara masa rana da zafin kwano har kwana 3. Lulluɓi ba ya dawo da abin da ya tafi, wanda ya rage kawai yake tsarewa. Ki karɓo ɓawon da ɗanyensa, ki wanke, ki tsoma a ruwan zafi kamar minti 2, ki tsame ki sa a ruwan sanyi, sannan ki busar a tandar ɗakin gwaji a kan digiri 50. Itanol ɗin ki sirka shi da ruwa ya zama kashi 70 cikin 100, ya fi zallarsa jawo sinadarin. Kwalba kuma mai duhu, a cike ta har wuya, a firji.

Shi lulluɓin, ainihinsa bango ne ake yi wa ɗigon sinadari don iska da haske da laima kada su isa gare shi. A injin feshi iskar da ke shiga takan kai digiri 150 zuwa 180, amma ɗigon yana bushewa cikin daƙiƙu, zafin bai samun zarafin cinye shi. Tunda ba ki da injin, ki dama ruwan da ƙaro da maltodekstrin, wani farin gari da ake yi daga sitaci, ki shimfiɗa siriri a faranti, ki busar a digiri 45, ki niƙa. Sai dai ki rubuta gaskiya a rahotonki cewa busarwar faranti kika yi, kada ki kira shi garin feshi.

Wani ɗan kasuwar ƙaro daga Yobe: Ƙanwata, ni ban san boko ba amma ƙaro sana'ar gidanmu ce. Ki nemi na ɗakwara, shi ne lamba ɗaya. Za ki gan shi dunƙule-dunƙule, garai-garai, da tauri, idan kin fasa cikinsa yana ƙyalli kamar gilashi. Wanda ke marmashewa a hannu lamba biyu ne. Kada ki sayi niƙaƙƙe, nan ake cakuɗa. Ki jiƙa tun dare, da safe ki tace da farin ƙyalle saboda ɓawon itace da yashi. Wannan ƙaron da ake kwasa daga Sudan da Chadi da nan wajenmu ana kai wa kamfanonin lemo a Turai, ai ba don banza suke saye ba.

Wani da ya gama digiri na biyu: Ni da alginet na yi nawa, wani gari da ake samu daga ciyawar teku, ba sai da inji ba. Ki narkar da shi kashi 2 cikin 100 a ruwan ɓawon, ki zuƙa a sirinji, ki riƙa ɗigawa cikin ruwan kalsiyam kulorayid. Kowane ɗigo yana faɗawa zai dunƙule kamar ƙwan kifi.

Malamar: Hanya ce mai kyau ɗana, amma tana da yoyo. Bangon alginet yana da ƙofofi, ƙananan sinadarai suna sulalewa su koma cikin ruwan kalsiyam ɗin. Idan za ta bi ta nan, ta auna ruwan da ya rage a kofin, za ta ga abin da ya tsere. Ga abin da na manta ɗazu: 'yata, ki kore itanol ɗin tukuna kafin ki zuba ƙaro. Ƙaro ba ya narkewa a cikinsa, zai cure miki fari fat a gindin kofi.

Wata uwa a zauren: Ni tsorona ɗaya. Wasu masu mangwaro da kabayid suke nunar da shi, hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai, ga maganin feshi na gona, duk kuma a jikin ɓawo suke zama. In dai abin nan zai shiga bakin mutane, ki nemi na bishiyar da kika san mai ita. Ki sa safar hannu ma, ruwan da ke fita daga hancin mangwaro yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Malama da Yaya da Mama duka. Wallahi curewar nan ta taɓa faruwa da ni, na ɗauka ƙaron ne ba shi da kyau, ashe itanol ne. Akwai bishiya a gidan kawuna, gobe in sha Allahu zan je in tsinko. Zan raba ruwan gida uku, ɗaya haka nan, ɗaya da ƙaro da maltodekstrin, ɗaya da alginet, in riƙa aunawa duk mako har sau 4. Malama, kashi nawa na ƙaro zan fara da shi?

Malamar: Rabi ƙaro, rabi maltodekstrin, su biyun su kai giram 20 a cikin mililita 100. Garin ki ajiye a kwalba mai murfi sosai, yana shan laima da wuri.